Gesse ko Badariya? Ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi mini sauyin wurin aiki daga Yawuri zuwa Birnin Kebbi, ofishinmu yana sakatariyar Gwadangwaji. Wata biyu ke nan ina kwana a ɗakin wani abokina, maiɗakina da yara uku suna can suna jira, na kasa tsayar da unguwa.

Na ga gida a Gesse, ciki biyu da falo, shiru, ga rijiyar burtsatse a tsakar gida. Amma kuɗin shekara ya fi ƙarfina. Na Badariya kuwa da sauƙi, masallaci da Islamiyya suna kusa, sai dai ruwa na 'yan garuwa ne. Abin da ya fi damuna shi ne shatin ruwa da na gani a jikin bango, ya kai gwiwata. Dillali ya ce tsohon abu ne, zuciyata ba ta kwanta ba.

Don Allah mazauna Badariya, yaya layukanku suke a Agusta? Wuta fa, lokacin zafin Afrilu? Ko in duba Bayan Kara? Ina so in kwaso iyalina kafin a koma makaranta.