Neman shawara: Ƙanina na son ya mayar da motata mai amfani da ruwan naitrojin

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙane da ke shekarar ƙarshe a karatun injiniya, kuma tun da ya ji labarin motar da ke tafiya da ruwan naitrojin ya hana ni sakat. Ina da wata tsohuwar mota da na daina hawa. So yake in bar masa ita, in kuma ba shi kuɗin kayan aiki, ya cire tankin fetur ya sa na naitrojin. Hujjarsa ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitrojin ne, saboda haka mai ne da ba zai ƙare ba, ba ya kama wuta, kuma abin da zai fito ta salansa iska ce zalla. Ni ban san kan abin ba. Ba na son in kashe masa gwiwa, ba na kuma son in zuba kuɗi a rijiya. Masu sani ku taimaka.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Malam, duk abin da ƙanenka ya faɗa gaskiya ne, sai kalma ɗaya: mai. Naitrojin ba mai ba ne, domin ba ya ƙonewa. Abin da ake yi shi ne a matse iska, a yi ta sanyaya ta har ta koma ruwa, sannan a ware naitrojin, wanda ba ya zama ruwa sai a digiri 196 ƙasa da sifili. Tun 1895 Carl von Linde ya fito da hanyar mayar da iska ruwa a Jamus. Idan ruwan ya ji ɗumi sai ya tafasa ya koma iska, lita ɗaya ta kumbura ta zama kusan lita 700. Kumburin nan ne ke tura fistan. Kamar injin tururi ne, sai dai maimakon a hura wuta, ɗumin iskar waje ake ara.

Ka ga ke nan ƙarfin da motar za ta yi tafiya da shi wutar lantarki ce da aka kashe a masana'anta. Ruwan ajiya ce kawai, irin ta batir. To a matsayin ajiya, nawa yake riƙewa? Ko da injin bai yi asarar komai ba, abin da kilo ɗaya zai ba ka da kaɗan ya haura kashi ɗaya cikin biyar na kilowat-awa, wato yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da kimanin kilowat-awa 12, kuma ko da injin ya watsar da kashi uku cikin huɗu a zafi, saura 3. Ƙaramar mota na bukatar kamar kilowat-awa 15 ta yi kilomita 100. Da na buga lissafin, a takarda kilo 70 ne na naitrojin. A kan titi, inda samun rabin ƙarfin ma sai an yi da gaske, ka ninka shi: kilo 140 ko fiye, kusa da lita 200. Tafiyar da lita 7 ta fetur ke yi ke nan.

Tsohon Bakanike:
Ɗana, lissafin Malam ya isa, amma bari in ƙara maka da abin da hannu zai tarar. Na taɓa amfani da ruwan nan wajen sanyaya ƙarfe don ya ɗan tsuke ya shiga raminsa. Duk bututun da ya bi, cikin 'yan mintoci sai ka ga ya yi fari fat, danshin iska ya daskare a kansa. To motar ƙanenka tana bukatar wani abu kamar lagireto, amma mai aiki a juye, yana jawo ɗumin waje yana ba ruwan. Da zarar ƙanƙara ta rufe shi, ɗumi ya daina shiga, ƙarfi ya faɗi, mota ta tsaya. Ranar da iska ke da danshi abin ya fi muni.

Sannan tankin ba irin wanda mai walda zai haɗa ba ne. Bango biyu gare shi, an zuƙe iskar tsakaninsu, kamar fulas. Ƙarfen yau da kullum tsagewa yake yi a irin wannan sanyi, roba kuwa ta koma kamar gilashi. Kuma komai kyan tanki, ruwan na tsiyayewa a hankali ta bawul. Ka ajiye mota ka yi doguwar tafiya, ka dawo ka tarar da man ka ya bi iska.

'Yar Injiniya:
Baba, ina girmama maganarka, amma kada a yi wa yaron taron dangi. Ba shi ya fara wannan tunani ba. Wajen 1900 wani kamfani a Amurka mai suna Liquid Air ya ƙera mota mai tafiya da iskar da aka mayar ruwa. A ƙarshen shekarun 1990 Jami'ar Washington ta gwada LN2000, wata tsohuwar motar raba wasiƙu da suka sauya, Jami'ar Arewacin Texas kuma ta yi CooLN2Car. Sun yi tafiya, ko da yake gudunsu da nisan zangonsu bai taka kara ya karya ba. Matsalar ƙanƙarar ma an nemi dabararta: Peter Dearman a Ingila ya ƙera injin da ake fesa ruwan naitrojin cikin silinda ya haɗu da wani ruwa mai ɗumi, ya tafasa a nan take. Kuma ana cika tanki cikin mintoci, ba a bukatar litiyam ko kobal, ma'adinan da ake haɗa batir da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malamin Kimiyya:
'Yar'uwa, ki duba inda injin Dearman ya fi samun karɓuwa. Ba a tura mota ba ne, a sanyaya bayan manyan motocin dakon kayan da ke lalacewa ne. Sainsbury's, wani kamfanin manyan kantuna a Birtaniya, ya gwada shi a 2016. A can an ci riba biyu, domin sanyin shi ne abin da ake nema, ƙarfin injin kuma ƙari ne. A motar hawa kuwa sanyin da aka sha wahalar haɗawa a iska ake zubar da shi.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Haɗa kilo ɗaya na ruwan yana cin kusan rabin kilowat-awa. Kilo 140 ɗin nan ya cinye kilowat-awa 70 ke nan. Da a batir aka zuba wutar, da motar ta yi wannan tafiya sau huɗu. In kuma da gawayi ko gas aka samar da lantarkin, hayaƙin da bai fito ta salansa ba ya riga ya fito a tashar wuta.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Ni batun rai ne ya sa na sa baki. Kullum ina aiki da ruwan nan, kuma kalmar "ba ya kama wuta" ta ruɗi mutane da yawa. Naitrojin ba shi da wari, ba shi da launi. In ya zube a rufaffen wuri sai ya kori oksijin, wanda kashi 21 ne kacal na iska. Mutum ba ya jin shaƙewa, jiri ne kawai sai faɗuwa, wanda ya shigo ceto shi ma ya bi sahu. A Janairun 2021 mutum shida suka rasu ta wannan hanya a wata masana'antar sarrafa kaji a jihar Jojiya ta Amurka. Yanzu ka ƙiyasta lita 200 a bayan kujera, gilasai a rufe. In kuwa bawul ɗin sakin matsi ya toshe da ƙanƙara, tankin fashewa zai yi. Akwai wani abu ma da ba kowa ya sani ba: oksijin na zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifili, saboda haka bututun da ba a naɗe ba zai iya ɗigar da ruwa mai yawan oksijin, wanda in ya sami maiƙo ko giris wuta ba ta da wuya. Yaya, don Allah kada a yi wannan aiki a gareji.

'Yar Injiniya:
Wannan kam na yarda. Shawarata, ya ƙera ƙaramin inji a kan teburi a ɗakin gwajin makarantarsu, da lita biyu ko uku, malaminsa na tsaye, akwai na'urar auna oksijin. Ya auna ƙarfin da ya samu daga kowane kilo, ya auna mintocin da ƙanƙara ke ɗauka kafin ta rage shi. Wannan ya fi mota zama aikin kammala karatu.

Mai Tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na nuna masa duk abin da kuka rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ɗauko biro ya sake buga lissafin Malam, ya ce shi kilo 150 ma ya samu. Motar dai tana nan a ajiye. Kuɗin ƙaramin injin zan ba shi, amma sai ya kawo min takardar amincewar malaminsa. Yanzu kuma tambayarsa ita ce yadda ake haɗa ruwan ɗumin na injin Dearman bai daskare ba. 'Yar'uwa Injiniya, ko za ki yi masa bayani?