Shin Aikin Likita Na Biyan Wahalarsa? Abin Da Aka Tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan ko aikin likita na biyan wahalarsa.

1. Kowa ya yarda hanyar doguwa ce: shekara 6 a jami'a kamar BUK (Jami'ar Bayero ta Kano) idan yajin aiki bai gitta ba, shekara 1 ta horon asibiti, 1 ta bautar ƙasa, sannan neman gurbin ƙwarewa. Abokan karatunka da suka shiga Kantin Kwari sun yi aure har da 'ya'ya.

2. Albashi bai kai wahalar ba. Nan babu gardama. Wata likita ta ce takan kwana tana duba marasa lafiya da fitilar waya, gari ya waye layi ya kai bakin ƙofa, ko karyawa ba ta yi ba.

3. Batun fita waje ya raba kawuna. Wasu sun ce a rubuta jarrabawar PLAB (ta neman izinin aikin likita a Birtaniya) a tafi Ingila, ko a nufi Saudiyya, inda ga kuɗi ga Umra. Wasu suka ce to wa zai duba iyayenmu? Manyan likitoci sun ba da shawarar a ƙware a gida tukuna. Ni ma nan na karkata, ko da yake mai iyali ya fi ni sanin inda ke masa ƙaiƙayi.

4. Da yawa suna haɗa aikinsu da na asibiti mai zaman kansa da yamma, amma gajiyar ba kaɗan ba.

5. Gargaɗi ga iyaye: kada a tilasta wa yaro karatun likita don a riƙa kiransa Dakta.

6. Mata sun ce Kano na matuƙar buƙatar likitoci mata, musamman a ɗakin haihuwa, sai dai a daidaita da miji kan kwanan asibiti tun kafin aure.