Wace kalma za mu ba "range" a lissafin jifa?

'Yan uwa masu koyar da fiziks, ya kamata mu tsayar da magana a kan wannan kalma da ɗalibai ke cin karo da ita a darasin abin da aka jefa ko aka harba.

Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke ƙasa, a kwance, daga inda abu ya tashi zuwa inda ya faɗi. Lanƙwasasshiyar hanyar da ya bi a sama ba ta cikin lissafin. To a nan "nisan jifa", da wasu suka kawo, yake da rauni: kunne ya karɓe shi, amma yaro zai iya ɗauka tsawon waccan hanyar ta sama ake nufi. "Tsawon tafiya" kuwa ya ma fi ruɗarwa.

Ni dai na fi karkata ga "zangon jifa". A wajen fatake, zango daga inda aka tashi ne zuwa inda aka sauke kaya, ba ruwansa da hawa da gangaren da aka sha a hanya. Kuma tuni gidajen rediyo ke cewa makami mai linzami mai cin dogon zango, kowa na ganewa.

Mu gwada ta a aiki. Zangon jifa shi ne gudun farko sau kansa, sau sin (wato "sine" na lissafin kusurwa) na ninkin kusurwar da aka jefa, a raba da 9.8, wato ƙarfin jan ƙasa. Dutse ya tashi da gudun mita 20 a daƙiƙa a kusurwar digiri 45: ninkin 45 shi ne 90, sin ɗinsa kuwa 1 ne, don haka 400 a raba da 9.8, ya ci zangon kusan mita 41. A sauko da kusurwar zuwa 30, zangon ya koma wajen mita 35, a ɗaga ta zuwa 60 ma haka. Galileo ya nuna wannan tun 1638. Sharaɗi dai a manta da iska, kuma wurin tashi da wurin faɗuwa su daidaita. Kun ji yadda "ya ci zango" ya zauna a baki, ba sai an ƙirƙiro wani fi'ili ba.

Wani zai ce ai akwai zangon karatu. Gaskiya ne, amma da an haɗa da "jifa" babu ɗalibin da zai tuna da jarrabawar ƙarshen zango. Idan harsashi ne ko kibiya, sai a ce zangon harbi.