Me ya sa mutane suka zama ƙanana a Bishiyoyi Uku na Rembrandt?

Ummu_Zee: Salam 'yan uwa. Masu ilimin zane don Allah ku taimaka, hoton nan da Rembrandt, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya yi a 1643, bishiyoyi uku a kan tudu ga hadari ya haɗo ta hagu, wallahi ya shiga raina, amma sai da na buɗa shi sosai a waya sannan na ga ashe da mutane a ciki. Me ya sa ya ƙanƙantar da su haka, raina ɗan Adam ya yi ko me? Kuma wai ba da biro aka yi shi ba?

DanZazzau: Wslm 'yar uwa, ba biro ba ne kam. Farantin jan ƙarfe ake shafe wa kaki a zana da allura, sai a tsoma shi a asid ya ci inda allurar ta bi kawai, a goge kakin a cusa tawada cikin layukan a share saman, a ɗora takarda mai danshi a matse a inji, hoton ya fito a juye kamar hatimi. Wurare masu duhu kuma kai tsaye ya karce ƙarfen. Duka farantin faɗinsa bai kai santimita 30 ba fa.

Malam_Gwani: Ni dai ban ga raini ba ko kaɗan. Ki sake dubawa, ga mai kamun kifi da mace zaune gefensa, ga makiyaya da shanu can a fili, ga keken doki bayan bishiyoyin, har wani mai zane yana zaune a kan tudun ta dama, kowa na harkarsa hadari na zuwa ba wanda ya tsaya. Kuma ki tuna Holan ce, ƙasar da wani ɓangare na filayenta mutane ne suka ƙwato daga ruwa, tafkin Beemster a 1612 suka gama tsotse shi da injinan iska ya koma gona, to mutumin da ya tashi a irin wannan wuri in ya kalli fili gumin mutane yake gani, ba sai ya zana su manya ba.

Ummu_Zee: Malam na gode, amma hadarin nan fa ya fi ƙarfinsu, ni shi ya fi taɓa ni.

DanZazzau: Haka ne. In irin wannan ne ke jan ki nemi aikin Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Najeriya, a nan Zariya ya yi karatu, yana da jerin ayyuka kan Sahel da hamadar da ke cin ƙasa, shi kuma mutanen ya sa a gaba.