Abin da 'yan fada suka ce kan wasannin yaƙi

A wata fada (majalisar samari masu shan shayi) ta Zango, nan Damagaram, an tafka gardama kan wasannin sojoji na salula. Yawanci sun ce mai ƙaramar waya ya tsaya ga Free Fire: mutum 50 a fage, cikin kamar minti 10 an gama. PUBG Mobile kuwa mutum 100 ne, yana son haƙuri da intanet mai ƙarfi, kuma ni na fi jin daɗinsa, don dabara tana fin gaggawa amfani. Call of Duty, in ji su, yana cinye wuri a waya.

Sun haɗu kan abu biyu: a sa abin kunne don jin takun abokin gaba, kuma kada a yi wasa waya na caji, balle da zafin Afirilu. Mai dafa shayi ya ƙara da cewa kuɗin sayen kakin soja na cikin wasa gara a sayi sukari da su.