Kontakta biyu sun kama lokaci guda, ina neman shawara

Slm yan uwa masu aikin wuta, dan Allah ku taimaka. Ina Garwa, na haɗa wa wani ɗan kasuwa akwatin palan na ɗaga buhuna a sito, moter mai faz uku 380V, kontakta biyu (makunnin da koyil ke ja ya ba moter wuta), ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Na bi da wayar kowane koyil ta 21-22 na ɗan uwansa (bakin da ke buɗewa in kontakta ya kama, don kar su kama tare) yadda aka koya mana, wata biyu yana aiki lafiya lau, jiya kawai sai ƙara kamar an harba bindiga, disjonkta ya faɗi, kontakta duka biyun sun yi baƙi. Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo amma wlh ban yi barci ba. Ina na yi kuskure?

Amsa daga Marwa:
Wslm ƙanena, Allah ya kiyaye gaba. Akwai makullin roba a tsakanin kontaktocin ko jera su kawai ka yi?

Mai tambaya:
Babu Yaya, na ɗauka na waya ya isa. Kuma yanzu yaron sito ya faɗa min wai maɓallin sauka ne ya ƙi, sai ya buɗe akwati ya danna kontaktan da sukudireba, ɗayan kuma bai saki ba.

Amsa daga Marwa:
To ga ta nan. Shi 21-22 ɗinka koyil kawai yake hana wa wuta, bai san da hannun mutum ba. Ka tuna na sauka faz biyu yake musanyawa, to in suka rufe tare ka haɗa faz da faz kai tsaye ke nan, 380 ba moter a tsakani, dole ya fashe. Makullin nan ɗan abu ne mai harshe da ake maƙalawa tsakaninsu, in ɗaya ya shige sai harshen ya tokare ɗayan, ko da ƙarfi ka danna ba zai shiga ba, haka in bakin ɗaya ya narke ya manne a rufe. Ni ba na barin akwatin gaba da baya ya fita hannuna babu shi, haka tsakanin kontaktocin etwal da tiriyangil na tada moter. Amma kar ka cire na wayar, in babu shi koyil zai ta gurnani yana ja har ya ƙone, biyun tare ake sawa.

Amsa daga Ngaundere:
In Schneider ne LC1D09 zuwa D38, makullin LAD9V2 za ka nema, ko ka sayi LC2D da ya zo a haɗe. Kar ka gwama kamfani biyu, ba ya zama.

Amsa daga Kuseri:
Malam waɗanda suka ƙone kar ka goge ka mayar, canza su. In ka haɗa, kashe wuta ka danna ɗaya da hannu ka gwada ɗayan. Ka duba maɓallin saukan nan da ya ƙi tun farko, sannan ka sa wa akwatin kwaɗo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe da safe zan shiga kasuwa neman LC2D ɗin, kwaɗo kuwa yau zan sa.