Neman kalma: kundi, diwani ko adaka?

Jama'a, assalamu alaikum. Wata kalma ce ta tsaya mini, na kawo ta gaban masu Hausa a baki. Turawa na cewa box set. Abin da suke nufi shi ne a bi mawaƙi ko ƙungiyar mawaƙa tun daga waƙar fari har inda aka tsaya, a tsamo waƙoƙin, a jera su bisa shekaru a faya-fayai da yawa, a haɗa da ɗan littafi mai hotuna da tarihi, sannan a zuba duka a mazubi ɗaya mai kyau. Ina son kalmar da za a faɗa a rediyo mai sauraro ya gane ba sai an tsaya dogon bayani ba.

Bari in kawo wanda ya jawo tambayar, don mu san abin da muke raɗa wa suna. A 1994 kamfanin faya-fayan waƙa na Motown ya fitar da Emperors of Soul, faifan sidi 5 ɗauke da waƙoƙi sama da 100 na The Temptations, 'yan birnin Detroit na Amurka. Waƙar sol suke yi, salon da baƙaƙen fatar Amurka suka fitar daga rerawar coci. Faifan farko ya buɗe da "Come On", wadda Otis Williams da abokansa suka yi da sunan The Distants tun ba a san da Temptations ba. Na ƙarshe ya rufe da sababbin waƙoƙi 4 da aka ɗauka domin wannan aikin. Tsakanin biyun akwai shekara sama da 30.

Wanda ya saurara a jere zai ji abin da faifai ɗaya ba zai taɓa ba shi ba. Su biyar ne, amma ba irin tsarin makaɗi da 'yan amshinsa da muka saba ba, inda jagora ɗaya ne har abada. A wurinsu jan baki yawo yake yi. A 1961 aka haɗa ƙungiyoyi biyu: Otis Williams da Melvin Franklin da Elbridge Bryant daga Distants, Eddie Kendricks da Paul Williams daga Primes. Suka yi ta fitar da waƙa kasuwa ba ta karɓa ba, sai a 1964, shekarar da David Ruffin ya maye gurbin Bryant. A ƙarshen shekarar "My Girl" ta fito, wadda Smokey Robinson da Ronald White suka rubuta, ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a Maris na 1965. Ka saurari farkonta: jita mai kaurin amo ta James Jamerson tana bugawa ita kaɗai a hankali, sai jitar Robert White ta hau tana taka matakala ɗaya bayan ɗaya, sai ƙyasta yatsu, kafin Ruffin ya buɗe baki da muryar nan tasa mai ɗan ƙaiƙayi. Kendricks na can sama da siririyar murya, Franklin na can ƙasa yana riƙe da gindin waƙar.

Ka matsa gaba kaɗan sai ka ji gidan ya sauya. An sallami Ruffin a 1968, Dennis Edwards ya shigo, mai shirya musu waƙoƙi Norman Whitfield ya juya akalar kiɗan. "Cloud Nine" ce ta kawo wa Motown kyautar Grammy ta farko. Waƙoƙin soyayya suka ja baya, aka shiga zancen talauci da ruɗanin zamani. Kendricks da Paul Williams suka bar ƙungiyar a 1971. "Papa Was a Rollin' Stone" ta 1972 ta kusa minti 12 a dogon faifai, wato albam, kuma sai an sha kiɗa kusan minti 4 kafin a ji muryar mutum. Daga baya suka koma kamfanin Atlantic a 1977, suka dawo Motown a 1980. Wannan tafiyar ce nake so sunan ya ɗauka.

Da na fara jefa tambayar, amsoshi sun shigo. Wani ɗan'uwa ya riga kowa, ya ce mene ne na wahala, a ce akwatin waƙoƙi mana. Ɗan'uwa, na gode, amma je ka tsaya a kasuwa ka ce kana neman akwatin waƙoƙi, ka ga abin da za a miƙo maka. Rediyo ne ko 'yar lasifikar da ake sa wa memori. Kunnenmu ya riga ya saba da akwatin rediyo da akwatin talabijin, wato akwati mai yin magana da kansa. Kalmar ta yi aiki da yawa: ga na zaɓe, ga na gidan waya, ga na lefe. Ba ta da sauran wurin ɗaukar wannan.

Mutum uku sun ce kundi. Da ba a riga mu ba da na karɓa, sai dai 'yan jarida da mawaƙanmu sun daɗe suna cewa kundin waƙoƙi idan ana nufin albam guda, irin wanda mawaƙi ke fitarwa bana ya sake wani baɗi. Idan muka kira wannan ma kundi, yaya za mu ce an tsamo waƙoƙinsa daga kundaye masu yawa? Sai magana ta cuɗe. Saiti kuma, wanda wata baiwar Allah mai sayar da kaya ta kawo, gaskiya shi ne abin da bakin 'yan kasuwa zai fara faɗa. Amma Hajiya, kowane faifai biyar da aka ɗaure da roba saiti ne. Babu zaɓe a cikin kalmar, babu jeri.

Wani malamin Hausa ya rubuto mai tsawo, ga gundarinsa: "Kalmar tana nan tun kafin a haife mu, diwani. Tarin waƙoƙin sha'iri ɗaya ne, sau da yawa wani ne ke bi ya tattara bayansa, ya tsara, ya yi gabatarwa. Masana adabinmu ma suna amfani da ita ga waƙoƙin baka da aka rubuta."

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Duk cikin abin da aka kawo wannan ce ta fi tsaya mini a rai, domin ta kama aikin mai tattarawa, kuma aikin nan ba ƙarami ba ne. Shi zai shiga ɗakin ajiyar kamfani ya nemo zaren asali da aka ɗauki waƙa a kai. Shi zai yanke shawara ko a sa waƙa yadda ta fito a ƙaramin faifai, wadda aka gyara amonta domin rediyo, ko yadda take a dogon faifai. "Papa Was a Rollin' Stone" kaɗai tana da ta kusan minti 7 da ta kusan minti 12, sidi kuwa ba ya wuce minti 80, don haka duk waƙar da aka ba wuri wata aka hana. Inda na rabu da ku, Malam, shi ne diwani abin karantawa ne. Bahaushe ya ji diwanin Temptations zai ɗauka littafi ne da aka rubuta baitocinsu. Su kuwa mafi yawan baitocin ma ba su suka rubuta ba, Robinson ne da Whitfield da Barrett Strong da wasu. Abin da yake nasu shi ne murya da yadda suke sarƙa ta, kuma takarda ba ta riƙe wannan.

Bakandamiya ba ta shiga ba, don ita waƙa ɗaya ce da ta fi sauran, kamar yadda muke cewa bakandamiyar Narambaɗa. Za a iya cewa "My Girl" ce bakandamiyarsu. Taska ta fi dacewa da ɗakin ajiyar da aka ɗebo waƙoƙin. Rumbu masu kwamfuta sun riga sun ɗauke shi. Gafaka ta yi kyau a siffa, amma mun san abin da ake sawa a gafaka, a bar mata darajarta.

Sai ga wata dattijuwa, ta hannun jikarta, da magana gajera: "Ku ce adaka."

Iya, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ni dai a nan na tsaya. Adaka ba wurin zuba tarkace ba ce. Abin da mutum ya zaɓa yake ji da shi, shi yake ninkewa ya jera a ciki, na yau da kullum a sama, na fita kunya a ƙasa. Kuma akwai abin da zai shekara a ƙasan adaka ido bai gan shi ba. To haka waɗannan tarin suke: ban da waƙoƙin da duniya ta sani, akan sa waɗanda aka ɗauka aka ajiye ba a taɓa fitarwa ba, da na ɗaya fuskar ƙaramin faifai da rediyo bai kula ba. Masu saye da yawa saboda su suke saye, don fitattun suna da su tun tuni. Ga kalmar ta zo mana da 'yan rakiya kyauta. Waɗancan waƙoƙin sai mu ce na ƙasan adaka. Idan kamfani ya kwashe komai bai rage ko ɗaya ba, kamar yadda aka fara yi wa ƙananan faya-fayan Motown a 2005, shekara bayan shekara, sai mu ce an ƙure adaka, kowa kuma ya san wannan maganar.

Wani ɗan'uwa daga zangon Kumasi ya ja hankalina cewa a harshen Twi ma adaka akwati ce, har wanda ake sa gawa. Yallaɓai, wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a ji ta bakinku tunda ku ma masu harshen ne. Sai dai akwati ma muna cewa akwatin gawa, bai hana mu kai akwatin lefe ba. Kalmar da ke biye ita ke fayyace zance, kuma wanda ya ji adakar waƙoƙi ba makabarta zai tuna ba. Maganarka ta tuna mini wani abu mai nauyi game da wannan adakar ta 1994. Lokacin da ta fito Paul Williams ya rasu tun 1973, Ruffin a 1991, Kendricks a 1992. Melvin Franklin ya sa murya a sababbin waƙoƙin, ya rasu a Fabrairun 1995. Cikin biyar ɗin da suka yi "My Girl" Otis Williams kaɗai ya rage.

Ƙanwata da ta ce yaran yanzu ba su san adaka ba, kuma a waya suke sauraro inda babu wani mazubi, ki duba kalmar faifai. Asalinsa na kaba ne da ake rufe ƙwarya. Garmaho ya zo aka ba shi sunan saboda kamannin, sidi ya gada, yau ga shi ana cewa faifan bidiyo ga abin da ke yawo a WhatsApp. Babu wanda ya rikice. Adaka ma za ta iya bin wannan hanya, in dai masu gabatar da shirye-shirye sun riƙa faɗinta. Kuma muna da inda za mu yi amfani da ita a gida: waƙoƙin Shata da na Ɗan Maraya Jos suna nan warwatse a kaset-kaset da wayoyi, da yawa ba a san shekarar da aka ɗauke su ba.

Ga yadda na gwada ta a baki: "Motown ta haɗa wa Temptations adakar waƙoƙi mai faifai 5." "Wannan waƙar ba ta cikin kowane kundi, sai a adaka." "Adakokin James Brown da na Four Tops duk faifai 4 ne." Duk sun zauna.

Wanda ya nemi a ƙara kammalalliya a gaba, a ce kammalalliyar adaka, ban goyi baya ba. Temptations ba su tsaya a 1994 ba. Sun fitar da Phoenix Rising a 1998, kundin da ya biyo bayansa kuma ya ci Grammy a 2001, duk babu su a ciki. A bar wannan siffar ga wadda aka ƙure da gaske. Abin da ya rage mini yanzu shi ne ɗan littafin da ke zuwa tare, mai hotuna da sunayen makaɗa da shekarar kowace waƙa. Ni ɗan rakiya nake ce masa, amma in akwai mai abin da ya fi shi, ina saurare.